Kujerar Sista

Juma'a, da safe

Na haɗa shayi da kaina. Ashe sukari ya bar kwalbarsa ya koma gwangwanin madara, ban san tun yaushe ba, ba wanda ya sanar da ni. Sista, matata, ta fita aiki ina banɗaki. Ta ja ƙofa a hankali, irin jan da ya fi bugawa ƙara.

Ba zan rubuta abin da ya faru jiya a majalisa ba. Abu ne ƙarami. Zan dai ajiye yadda tsarin yake, don na ji masu ba da labarin a bakin titi sun fara zuba masa gishiri.

Shekara biyu ke nan da aka yi dokar da ta ware wa mata kashi ɗaya cikin uku na kujerun kowace majalisar unguwa. Doka ce mai kyau. Ni kaina na rubuta wa jarida doguwar wasiƙa ina yabonta, ba su buga ba. Majalisarmu kujera goma sha biyu ce, ke nan huɗu na mata. Jam'iyya ta shiga neman macen da ba wanda zai iya zagi, ta faɗa kan matata, wadda rabin yaran unguwar nan a hannunta suka faɗo duniya, a asibitin haihuwa na ƙasan layi. Ta ce ba ta da lokaci. Aka ce ba lokacinta ake so ba, sunanta ake so. Zama kuwa, Malam zai riƙa yi mata. Malam ɗin ni ne. Haka sauran matan uku suka yi: sunan mace a jikin kujera, namiji a kanta. Wakilci muke kiran abin. Doka ba ta ambace shi ba, mu kuma ba mu ga dalilin tuna mata ba. Matan sukan zo sau ɗaya a shekara, ranar da ma'aikatar mata ta aiko mai hoto, mu kuma mu tsaya a baranda muna hira har a gama.

Ni ma'aikacin laburare ne. Duk wanda ya shekara ashirin yana roƙon mutane su yi shiru zai gane abin da ranar Alhamis, ranar zaman majalisa, ta zame mini.

Juma'a, da magariba

Ta ce sannu da gida. Na ce sannu da aiki. Shi ke nan.

Asabar, da hantsi

Mai Taya ya zo. Shi ke zama wa matarsa a kujerar da ke hannun damana. Mutum ne da ba ya iya zama sai ya ɗora ƙafa kan wani abu. Yau kwandon jariduna ya samu.

"Mutumina, wallahi ka burge ni," in ji shi. "Mace ta shigo da fararen kayanta na asibiti, ta tsaya a ƙofa, ta ce ni ce mamba, daga yau ba mai wakiltata. Kowa ya juyo yana kallonka. Kai kuwa ko gezau! Kamar an buga ka da ƙusa. Da ni ne, da tuni gwiwa ta ci amanata."

Na ce masa ba maganar gezau ba ce. Ina tsakiyar jimla ne lokacin da ta shigo, kuma ba ɗabi'ata ba ce in bar jimla a rataye.

"Ai kuwa jimlar ta yi tsawo," ya ce. "Har ta gaji da tsayuwa ta tafi ba ka kai aya ba."

Ya yi dariya har da buga cinya. Sannan ya sauke murya, ko da yake ba kowa a gidan sai mu biyu.

"Bayan an tashi mun ɗan zauna da Ciyaman. Ya ce tunda da bakinta ta soke wakilci a gaban kowa, to sai a bi ƙa'ida tsantsa. Mamban da aka yi zama uku a jere bai zauna kujerarsa ba, kujera ta faɗi. Shekaranjiya ɗaya ke nan. Saura biyu."

"In ta faɗi, wa za a ba?"

"Mace mana, ai doka ce. Ƙanwar Ciyaman na nan. Mijinta har ya kai ɗinki."

Na ce abu ne ƙarami, za a daidaita.

"A daidaita da wuri, don Allah. Jiya matata ta tambaye ni wai me muke tattaunawa a can. Shekara biyu ba ta taɓa tambaya ba. Na rasa abin cewa, don ni ma ba kullum nake saurara ba."

Lahadi, bayan azahar

Yaya ta kira. Ita ce babbarmu, kuma tun da mahaifiyarmu ta rasu ta gaji muƙamin, har da muryar.

"Kai, me nake ji?"

"Me kika ji, Yaya?"

"Kar ka yi min tambayar malaman makaranta. An ce ka bar matarka a tsaye gaban ƙartin maza kana ta zuba kamar rediyo."

Na fara yi mata bayanin yadda wakilci ya samo asali. Ta ce in ajiye wannan sai na je majalisa.

"Ka san abin da ya kai ta can?"

Na sani. Watan jiya majalisa ta ɗauke tashar bas daga ƙofar asibitin haihuwa ta mayar da ita saman layi, gaban sababbin shagunan nan. Kowa ya san mai shagunan. Ba a faɗa a zaman ba, don ba ya cikin ajanda. Ni na yi jawabin goyon baya. Na kawo misalin tsofaffin birane da yadda hanya ke bin kasuwa, har aka tafa. Da aka zo ɗaga hannu na ɗaga, sakatare ya rubuta sunan Sista.

Abin da ban sani ba shi Yaya ta ƙara mini. Wata mai naƙuda ce bas ya sauke a saman layi da rana tsaka, ita da surukarta, suka tako. Da suka iso, tsohuwar ta dubi Sista ta ce, "Ashe har da ke aka ɗaga hannu, 'yar nan."

"Ita ko sanin an yi zaman ba ta yi ba," in ji Yaya. "A bakin tsohuwar ta ji."

Ban tambayi yadda mai naƙudar ta ƙare ba. Yaya ba ta faɗa ba. Sista ma ba ta faɗa ba.

Na ce wa Yaya cajina ya kusa ƙarewa. Ta ce ba caji kaɗai ba.

Litinin, da safe

Shayi ya yi ruwa.

Litinin, da yamma

A kantar da ke bayan teburina akwai littattafai uku kan yadda mata suka sami 'yancin jefa ƙuri'a a ƙasashe daban-daban. Ba mai aronsu. Ni na karanta su duka, ɗaya ma sau biyu, kuma na sha ciro abin faɗa daga cikinsu ranar Alhamis. Yau da babu jama'a na sauko da mai hotunan. A kowane littafi irin wannan akwai babin mazan da suka tsaya suka hana: manyan gashin baki, agogon aljihu, fuska a murtuke. Na daɗe ina kallonsu. Ban taɓa kawowa a raina ba cewa wataƙila a gida mutanen kirki ne, masu tuna ranar da gas zai ƙare.

Na mayar da shi kanta.

Talata, da la'asar

Na je aski. Ina shiga hira ta mutu, sannan ta tashi da sabon kai. Wani mai jiran layi ya ce a fara yi wa mijin Honarabul, kar a ɓata wa gwamnati lokaci. Wani ya ce shi fa bai ga laifin Sista ba, amma in mata suka tafi majalisa wa zai karɓi haihuwa? Mai aski ya ce ai sai mazan majalisa su je su yi wakilci a can. Aka yi dariya, ni ma na yi, iya gwargwadon yadda mutum zai iya da aska a wuyansa.

Ya rage mini gefe ɗaya fiye da ɗaya.

Laraba, da magariba

Tana guga. Ba ta ɗago ba ta ce, "Gobe zan je. Kai fa?"

Na ce ina jin kamar mura na son kama ni.

Ta ajiye dutsen guga, ta zo ta taɓa goshina da bayan hannu, yadda take yi wa kowa. Hannun ya ɗan daɗe fiye da yadda aiki ya buƙata, ko kuwa ni na ga haka.

"Lafiyarka ƙalau," ta ce. "Amma ka kwanta. Irin wannan murar tana da amfani."

Alhamis, da la'asar

Ina gida. Ban san gidan nan yana da ƙara haka ranar Alhamis ba: firij na gurnani, famfon kicin na ɗiga, 'ya'yan maƙwabta na buga ƙwallo a jikin bangonmu. A daidai wannan lokacin ake karanta bayanin zaman da ya gabata, sakatare yana cinye rabin kalmomin, ni ina gyara masa. Yau ba mai gyara masa. Na kama kaina ina gyara wa mai karanta labarai a rediyo.

Alhamis, bayan magariba

Ta dawo ta wuce kicin, ta ɗora ruwa, ta juye a baho, ta zauna ta sa ƙafafunta ciki. Sun kumbura har idon sawu ya ɓace. Na tambaya ko aiki ya yi yawa a asibiti. Ta ce a'a.

Mai Taya ne ya kira ya gaya mini, yana dariya tun kafin ya fara. Da ta shiga, kujera goma sha ɗaya ta tarar. An kai tata gyara, wai ƙafa ɗaya na rawa. Shekara biyu ina kanta ban ji ta motsa ba. Ta nemi a kawo wata, aka ce ɗakin ajiya a kulle yake, mai makulli ya tafi ta'aziyya. Sai ta tsaya a gurbin, tsakanin Mai Taya da Dogo, wanda shi ma matarsa yake zama wa, daga buɗe zama har rufewa. Sau biyu tana ɗaga hannu. Ciyaman ya ce mata, cikin ladabi ƙwarai, ƙa'ida ta ce daga kan kujerarsa mamba yake neman izinin magana, kuma da zama ake ƙirga halarta.

"Biyu ke nan," in ji Mai Taya. "Kai, amma matar nan taka ƙarfe ce. Ni da nake zaune ma sai da bayana ya gaji. Tana tsaye a kaina kamar za ta yi min allura, ko ƙafa ban iya ɗorawa ba."

"Ba wanda ya ba ta tasa?"

"Wa? In na tashi ai ni ma an ƙirga min ɗaya. Wato matata."

Na kashe wayar. Na ƙara mata ruwan zafi a bahon. Ta ce ya isa haka, na gode. An sami ci gaba.

Juma'a, da safe

Ƙa'idar nan ta zama a kujera tana nan a rubuce. Ni aka ba bara in gyara mata nahawu.

Asabar, da rana

Na fita sayen batirin agogo. Ban san yadda aka yi na tsinci kaina a cikin bas ba, tunda shagon a bayan gidanmu yake. Na sauka a sabuwar tasha. An yi mata rumfa mai kyau, da benci, da allon talla. Shagunan rabi a buɗe, rabi ba a kama ba. Daga nan na gangaro zuwa asibiti. A taswirar da aka raba mana a majalisa tazarar ba ta kai tsawon ɗan yatsana ba. Babu inuwa ko ɗaya. Kwalbati a buɗe a wuri biyu, sai an yi tsalle. Wajen gidan mai, masu babur sun cinye gefen hanya, dole mutum ya hau kwalta. Ni da ba na ɗauke da komai sai jarida na isa rigata a jiƙe.

A tsohuwar tasha ƙarfen alamar na nan, an cire allon. Wata mata na zaune a gindinsa da tsohon ciki da jakar kaya. Na gaya mata an mayar da tasha sama, bas ba ya tsayawa a nan. Ta ce ta sani, numfashi take tarawa kafin ta hau.

"Malam, su wa suka ɗauke ta ma?"

Na ce majalisa ce.

"Su ba sa haihuwa ne?"

Na ce a iya sanina, a'a.

Ban shiga asibitin ba. Na manta batir.

Lahadi, da yamma

Ta ce sannu da gida. Na ce sannu da aiki. Yau ba ta je aiki ba, daga kasuwa take. Ba ta gyara mini ba.

Litinin, da hantsi

Ciyaman ya zo laburare, karo na farko a rayuwarsa in ban yi kuskure ba, don ya tambayi mai gadi ko nan ne ake sayar da littattafan. Mutum ne mai fara'a, ba ya faɗa da kowa. Waɗanda ya yi faɗa da su ma sai daga baya suke gane an yi. Muryarsa ta cika ɗakin karatu, masu karatu suka ɗago. Ban ce masa ya yi shiru ba.

"Malam! Majalisa ta yi maraici. Ranar Alhamis zama muka yi kamar gidan makoki, ba mai kawo mana tarihin birane."

Na ce mura ce.

"Allah ya ƙara sauƙi. To, an gyara kujera." Ya jawo benci ya zauna dab da ni. "Ba zan ɓoye maka ba. Sakatare ya ce in muka sake cewa gyara, ta kai ƙara sama, ba za mu sha ba. Saboda haka kujera za ta kasance a wurinta. Abin da nake so, ka zo da wuri ka zauna, kamar kullum."

"In ta zo fa?"

"In ta zo ta tarar da mijinta a zaune. Mu ina ruwanmu? Maganar gida ce, ba ma shiga tsakanin miji da mata. In ta janye maganarta, shi ke nan, sunanta na nan, kai kana nan, kowa ya huta. In ba ta janye ba, uku ta cika, ba laifin kowa. Kai kuma ba za mu yar da kai ba. Akwai kwamitin ilimi, yana neman mai ba da shawara."

Na ce ai za ta iya cewa in tashi.

Ya yi murmushi. "Sista? A gaban mutane? Haba Malam, ka fi ni sanin matarka."

A bakin ƙofa ya juyo ya ce shi fa yana goyon bayan mata ɗari bisa ɗari, shi ya sa ba ya son a riƙa wahalar da su da zaman majalisa.

Litinin, da yamma

Kwamitin ilimi sau biyu yake zama a wata. Tambaya kawai na yi.

Talata, bayan magariba

Yau mun yi magana. Ni na fara, a kicin, tana yanka albasa, abin da ya ba mu duka biyu uzuri.

Na ce, "Maman yara, a duba maganar nan da hankali. Majalisa ba ɗakin haihuwa ba ce. Akwai ƙa'idoji, akwai yadda ake gabatar da ƙudiri, akwai wanda ake fara gaisarwa. Mutanen nan dariya za su yi miki."

"Sun riga sun yi. Ban mutu ba."

"In kika bar ni, ni zan tayar da maganar tashar da kaina. Zan yi jawabin da..."

"Na san za ka yi. Ka iya jawabi, Malam, tun kafin aure nake sauraro. Wanda ka yi aka ɗauke ta ma an ce ya yi daɗi."

Ta ci gaba da yanka.

"Ni ba jawabi nake so ba. Hannuna nake so ya dawo jikina. Ana ɗaga shi a wani ɗaki ina wani ɗaki, sai dai in ji a bakin mutane abin da na yarda da shi. Ni na ba da aro, ban ce an ƙwace ba. Yanzu ina son abina."

Na gaya mata yadda muka yi da Ciyaman. Ban rage komai ba sai kwamitin ilimi.

"Ya yi gaskiya," ta ce. "Ba zan ce wa uban 'ya'yana tashi a gaban maza ba, ko da kujerar shugaban ƙasa ce."

"To me za ki yi?"

"Zan zo in tsaya in dube ka, kamar wancan karon. In an rufe zama in dawo in ɗora girki."

"Kuma ba za ki janye ba."

"Miƙo min gishiri."

Na miƙa. Yanzu na san inda yake.

Laraba, da safe

Na yi tunanin murar za ta iya dawowa gobe. Ta yi amfani sau ɗaya.

Laraba, da la'asar

Ba za ta yi ba. Mai Taya ya biyo ta wurin aikina, wai wucewa yake, alhali layinmu ba ya ɓullewa ko'ina. Ya ce in ma ina tunanin ƙin zuwa, in ajiye. An shirya ko-ta-kwana: za a ɗauko tsohon ciyaman a mota a matsayin babban baƙo, a zaunar da shi a kujerar tun kafin a buɗe ƙofa. Dattijo ne da ya haifi Sista a shekaru, ga sanda, ga kunne ɗaya.

"Shi ma ba za ta tashe shi ba," in ji Mai Taya. "Ka ga ko kai ko shi. Gara kai, aƙalla kana gyara wa sakatare karatu."

Ban gaya mata ba. Yaya ta kira, na bar wayar ta gama kukanta.

Alhamis, da safe

Na goge takalmi. Na fito da rigar majalisa na shimfiɗa a kan gado. Ta gan ta, ta ɗauki jakarta ta fita.

Alhamis, bayan magariba

Na isa ana share ɗakin. Kujerar na nan, an buga mata ƙusa guda sabuwa fil a wurin da ba ya buƙata, don a ga an yi aiki. A jikin majinginta akwai ɗan ƙarfe mai sunan Sista. Ban taɓa karanta shi da kyau ba, kullum bayana ke rufe shi.

Na zauna. Ciyaman ya shigo, ya gan ni, ya ɗaga mini hannu biyu. Tsohon ciyaman, da aka riga aka ɗauko, aka ba shi lemo a cikin mota aka mayar da shi gida. Mai Taya ya dafa kafaɗata ya ce namiji. Sakatare ya fara karanta bayanin zaman da ya gabata, ya cinye kalmomi tun a layin farko. Na bar shi.

Ta shigo ana tsakiyar karatun, da fararen kaya, jaka a kafaɗa. Ta tsaya a ƙofa, inda ta tsaya wancan karon. Sakatare ya yi shiru da kansa. Ba abin da ke motsi sai fanka.

In an tambaye ni, ƙafata ta dama ce ta sage. Na daɗe a zaune, kuma likita ya taɓa cewa in riƙa motsa ta. Na miƙe, na kama bayan kujerar don kar in faɗi, kuma da yake ina riƙe da ita sai na ɗan ja ta baya, yadda ake yi in mutum zai zauna. Ban saki ba har ta tako ɗakin, don na ga hannun Dogo ya fara matsowa.

Ta zauna. Ta ajiye jaka a ƙasa. Ba ta dube ni ba.

"Malam, ina zuwa?" in ji Ciyaman.

"Miƙe ƙafa, ranka ya daɗe."

"To ka miƙe ka dawo."

"Ai an zauna," na ce.

Ciyaman ya dubi sakatare, sakatare ya dubi kujera. Sunan da ke jiki da mutumin da ke kai sun yi daidai. Ya rubuta ta halarta.

Akwai bencin da doka ta ce a ajiye wa jama'a masu sauraro, amma kwalayen takardu ne a kansa tun kafin zuwana. Na fita baranda na tsaya jikin taga.

Da aka zo sauran batutuwa ta ɗaga hannu. Ciyaman ya duba ko'ina, har da silin, sannan ya ba ta izini. Ba ta gaida kowa ba. Ba ta fara da "ta hannun shugaba" yadda aka saba ba. Ta ce daga sabuwar tasha zuwa ƙofar asibiti babu inuwa, mata na isowa ba numfashi, wasu a kan hanya abin yake kama su, kuma tana so a mayar da tasha inda take. Shi ke nan. Ni gaisuwata kaɗai ta fi wannan tsawo.

"Akwai mai goyon baya?" in ji Ciyaman.

Na ga hannuna a sama. Ba a ƙirga baranda.

Mai Taya ya sami abin dubawa a wayarsa. Dogo na goge tabarau. Ciyaman ya jira daidai gwargwado, ya ce ƙudiri ya faɗi saboda rashin mai goyon baya, sai batu na gaba. Batu na gaba fentin ofis ne. Nan ma ta ɗaga hannu ta ƙi amincewa, ita kaɗai. Ban san me fenti ya yi mata ba. Ina jin gwada hannun take.

A ƙasa muka taho gida. Ciyaman ya wuce mu a mota bai yi hon ba, kwamitin ilimi na zaune a gidan baya.

"Ashe sai an sami mai goyon baya," ta ce.

"Haka ƙa'ida take."

"Mutum nawa?"

"Ɗaya ya isa a tattauna. Kafin a ci kuwa, sai bakwai."

Muka wuce gidan mai.

"Matar Dogo na zuwa awo ranar Litinin," ta ce, ba da ni take ba.

A ƙofar gida ta tsaya tana laluben makulli a jaka. Sai a nan ta dube ni, daga takalmin da na goge har zuwa askin da ya karkace.

"Ƙafar ta saki?"

"Ta saki."

"To Alhamis mai zuwa ka bar ta a gida ta huta."

Na ce to.